Faɗakarwa ga Malamai da Almajirai a kan Motsi da Murya da Natsuwa

Muna farawa da sunan Allah, muna gode masa bisa ni'imar Musulunci da ni'imar lafiya. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da wanda ya bi tafarkinsu har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku malamai, iyayena da yayyena, da ku almajirai, ƙannena da 'ya'yana, Allah ya gafarta muku baki ɗaya. Shugabannin jam'iyyarmu sun umurce ni in tashi in yi magana a wannan zama. Ban tashi don na fi kowa sani ba, a nan akwai waɗanda ban isa in ɗauki takalminsu ba. Sai dai akwai wani al'amari da ya tsaya mini a rai shekara uku ke nan, na ga kadan na yi shiru da shi na ci amanar 'yan'uwantaka. Al'amarin kuwa shi ne sha'anin jikinmu, mu ma'abuta zaman buzu, da yadda muke tozarta shi muna tsammanin tsoron Allah ne.

Bari in fara da abin da idona ya gani.

Malamina, wanda a hannunsa na haddace Alƙur'ani, da ƙuruciyarsa mutum ne mai tafiya. Da ƙafa ya yi gabas neman karatu, kowace damina kuma da hannunsa yake noma gonarsa. Da girma ya zo, sai almajirai muka karɓe fartanya. Masoya suka kawo babur, daga baya suka kawo mota. Masallaci kuwa yana ƙofar gida, taki goma ne. Daga asuba har hantsi yana zaure yana biya wa yara, daga azahar har la'asar yana ba da karatun littattafai, bayan lisha ga masu fatawa. Ko buta ba mu bari ya ɗauka da kansa. Haka ya yi shekara ashirin da 'yan kai, mu kuwa muna ganin ladabi muke yi.

Wata safiya yana cikin biyawa sai allo ya suɓuce daga hannunsa na dama, bakinsa ya karkace, magana ta sarƙe. Muka ce iska ce ta buge shi. Kwana tara muna hayaƙi da shafe-shafe, har wata tsohuwa maƙwabciya ta zo a asirce tana ba da shawara a kira masu garaya. Da muka ga abu ya ƙi, muka kai shi asibiti. Likita ya auna shi, ya ce hawan jini ne ya daɗe yana cinsa ba a sani ba, har wata jijiyar jini ta toshe a ƙwaƙwalwa. Ya ce akwai allurar da take narkar da toshewar, amma ana yin ta ne cikin sa'a huɗu da rabi daga faruwar abin. Mu kuwa kwana tara muka yi.

To, ga abin mamaki. Malam ba ya iya cewa a ba shi ruwa, ba ya iya kiran sunan ɗansa. Wani dare na zauna wajen kansa, zuciyata ta ƙuntata, na fara tilawa da irin muryar da ya koya mana tun muna ƙolawa. Ban kai aya uku ba sai na ji ya karɓa. Ya bi ni aya bayan aya, harafi yana fita, madda tana cika, har muka kai ƙarshen sumuni. Da muka tsaya na ce masa, “Allah ya gafarta Malam, yaya jiki?” Ya buɗe baki, kalma ta ƙi fita, sai hawaye.

Albarkar Alƙur'ani babu mai shakkarta. Amma Allah Maɗaukaki ya saba gudanar da al'amuransa bisa sababai, kuma neman sanin sababi ba ya rage imani. Ni ban zauna ajin boko ba, saboda haka na riƙa tsare likitoci da masu gashin gaɓoɓi da tambaya, na kuma koma ga littattafan magabata na ɗibbu. Abin da na tsinto shi zan shimfiɗa muku cikin fasali uku.

Fasali na farko, a kan motsi.

Ku sani, Allah ya yi muku rahama, masana ɗibbu na Musulunci sun ƙidaya abubuwa shida waɗanda lafiya take tsayawa a kansu: iskar da ake shaƙa, da ci da sha, da barci da farkawa, da fitar abin da ya kamata ya fita daga jiki tare da riƙe abin da ya kamata ya zauna, da motsin jiki da hutunsa, da motsin rai da kwanciyarsa. Ibnu Sina, wanda ya rasu a shekara ta 428 ta Hijira, ya kawo su a littafinsa Alƙanun. Da ya zo babin tsare lafiya kuwa, sai ya gabatar da motsa jiki a kan abinci da barci. Ya kuma iyakance irin motsin da yake nufi, shi ne wanda mutum ya yi da nufi har numfashinsa ya yawaita ya yi zurfi. Ku duba da kyau, juya takarda da jan tasbaha ba su shiga wannan haddi ba. Ibnul Ƙayyim kuma, wanda ya rasu a shekara ta 751, ya bayyana a Zadul Ma'adi cewa kowace gaɓa tana da nata aikin da yake ƙarfafa ta, gaɓar da aka yawaita aiki da ita ita ce take yin ƙarfi.

Wanda yake ganin motsi yana zubar da girman malami, ya tuna abin da ya tabbata a sira. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Uwar Muminai A'isha har sau biyu. Ya bar Habashawa suna wasa da masu a cikin masallaci, ita kuma tana kallo ta bayansa. Yakan tafi Ƙuba ran Asabar, wani lokaci bisa abin hawa, wani lokaci da ƙafa, tsakaninta da masallacinsa kuwa wajen mil biyu ne. Ya kuma hana Abdullahi ɗan Amru dawwamar da azumi da raya dare duka, ya sanar da shi jikinsa yana da haƙƙi a kansa. To, wane ne mu da za mu fi shi kamewa?

Likitocin zamani sun iso wurin nan ta hanyar ƙidaya. A shekara ta 1953 ta lissafin Nasara, wani likita a Ingila mai suna Jeremy Morris ya bayyana binciken da ya yi a kan ma'aikatan motocin haya na birnin Landan, irin masu bene. Mota ɗaya, mutum biyu: direba yana zaune yini guda, mai karɓar kuɗi kuwa yana hawa da sauka a matakala ɗaruruwa. Da aka duba dubban ma'aikata, sai aka ga direbobi sun fi kamuwa da ciwon zuciya, kuma kadan ya kama su ya fi saurin kashe su. Ya ku 'yan'uwa, a zaurenmu malam shi ne direba, yaron aike shi ne mai hawa da sauka.

Dalilin abin kuwa a fili yake. Zuciya tsoka ce, aiki yake ƙarfafa ta. Kadan mutum ya yi tafiya mai ɗan sauri, jijiyoyin jini suna buɗewa suna laushi, ƙarfin bugun jini yana sauka, tsokar cinya da ta ƙwauri suna ƙone sukarin da ke yawo cikin jini. Kadan ya dawwama a zaune, sukari ya taru, kitse ya taru, jijiyoyi su ƙandare. Hukumar Lafiya ta Duniya a shekara ta 2020 ta ƙaddara wa baligi minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, yaro kuwa minti 60 kowace rana. Mafi ƙarancinsa ke nan rabin sa'a a kwana biyar na mako. Wanda ya bar masallacin ƙofar gida sau ɗaya a yini ya taka zuwa na wata unguwa, ya komo da ƙafa, ya kusa biyan wannan bashi, ga kuma ladan taku.

Kada a fahimce ni a karkace. Ƙaramin almajirin da yake yini yana zaga gari da yunwa, ba motsi ya rasa ba, abinci da hutu ya rasa, wannan kuwa laifi ne dabam da za a tambaye mu a kansa. Waɗanda nake tsoro a kansu su ne mu malamai, da gardawa masu zaman hadda, da iyalanmu mata. A da uwayenmu suna daka, suna niƙa, suna jan ruwa a rijiya. Yau inji ya ɗauke daka da niƙa, mun gode Allah da sauƙi, amma ba mu musanya musu motsin da aka ɗauke da kome ba. Sai ka ga mace ba ta cika arba'in ba gwiwa ta ƙi, ciwon sukari ya shigo. Maigidan da ya tsare iyalinsa a gida, wajibi ne ya tsare musu lafiyarsu a cikinsa.

Fasali na biyu, a kan murya mai awo.

Ina nufin sautin da yake tafiya bisa ma'auni, yana komowa a kan lokacinsa kamar taku. Kowa a nan ya san aikinsa, ko da bai taɓa tsayawa ya yi tunani a kai ba. Jariri yana kuka, uwa ta goya shi tana jijjigawa tana rera masa, sai ya yi shiru. Ibnu Sina ya ambaci abubuwan nan biyu a babin renon jarirai, jijjigawa mai taushi da rerawa, ya ce ɗaya na jiki ne ɗaya na rai. Mata uku suna lugude a turmi guda, taɓarya ba ta karo da taɓarya, domin awo ya raba wa kowace lokacinta. 'Yan gayya suna jere a kunya, muryarsu ɗaya, fartanyarsu tana sauka tare, su gama gonar da mutum guda zai yi mako yana fama. Awo yana raba ƙarfi daidai, yana shagaltar da rai ga barin jin gajiya, yana haɗa mutane su zama kamar jiki guda.

Sahabbai ma sun san wannan. Ranar gina masallacin Madina, da ranar haƙar gwalalo a shekara ta 5 ta Hijira, suna ɗaukar ƙasa suna rera baitoci, Manzon Allah yana amsa musu. Anjashatu yana kora raƙuma da muryarsa har suka yi sauri ƙwarai, aka umurce shi ya sassauta saboda matan da ke bisa. Kadan murya tana sa raƙumi ya manta nauyin kayansa, ina ga ɗan Adam?

Malaman ɗibbu ba su wuce wannan babi ba. Abu Zaidi Albalhi, wanda ya rasu a shekara ta 322, ya yi littafi a kan maslahar jikuna da rayuka, ya nuna ciwon rai yana jawo ciwon jiki, na jiki kuma yana jawo na rai, ya keɓe babi guda a kan sauraro. A garin Edirne na ƙasar Turkiyya, asibitin da Sarki Bayazidu na biyu ya gina, aka gama shi a shekara ta 1488, an ruwaito ana yi wa masu taɓin hankali magani a cikinsa da sauti mai daɗi da ƙarar ruwa mai gudu, tare da sauran magunguna. A ƙasarmu kuwa, Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a shekara ta 1864, ta zuba ilmi cikin waƙa, jajis suna tasowa daga ƙauyuka da ƙafa su karɓa su koma su koyar da mata. Ta san abin da aka rera ya fi zama a zuciya bisa abin da aka faɗa kawai. Mu ma shaidu ne: wa ya taɓa haddace izu sittin ba da murya ba?

Yanzu in koma ga Malamina. Likita ya bayyana mini cewa ga mafi yawan mutane ma'ajiyar magana tana ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa, ɓarin nan kuma shi yake juya hannun dama da ƙafar dama, shi ya sa shanyewar dama take zuwa da ɗaukewar magana. Amma abin da aka haddace da rerawa yana da wasu hanyoyi, ɓarin dama yana da hannu a ciki, saboda haka yakan tsira. Tun shekara ta 1973 waɗansu likitoci a birnin Boston na Amurka suka mayar da wannan hanyar magani: a sa majinyaci ya rera kalmar da ya kasa faɗa, ana bubbuga hannunsa na hagu bisa awo, sannu sannu a janye rerawar har kalmar ta tsaya da kanta. Haka muka yi wa Malam. Muka ɗora masa “a ba ni ruwa” bisa muryar waƙen makaranta, ya rera, muka maimaita, bayan makonni ya faɗe ta ba rerawa.

Tafiya ma haka. Mai gashin gaɓoɓi ya ce mu riƙa buga sanda a ƙasa daidai wa daida, Malam yana ajiye ƙafa a kan kowane bugu. Ya ce kunne yana da hanya ta kusa zuwa ga wuraren da ke juya ƙafa, ana kuma yin haka ga masu ciwon makyarkyata na tsufa. Wata bakwai muna yi safe da yamma. Yau Malam yana zuwa masallaci da sanda, maganarsa ta komo wajen rabi. Hannun dama kuwa bai komo ba. Mutumin da ya rubuta Alƙur'ani da ka har sau huɗu, yau ba ya riƙe alƙalami. Duk sa'ad da na ga tawadarsa ta bushe a kurtu, sai in tuna kwana taran nan, da shekaru ashirin da muka hana shi ɗaukar buta.

Wani zai ce, Malam, ashe kiɗa kake halatta mana? Ina amsawa: amfani dabam, hukunci dabam. Gaskiya ne a shekara ta 2008 likitoci a ƙasar Finlan sun raba masu shanyewar jiki sittin kashi uku, waɗansu suna sauraron waƙa da kiɗan da suke so kowace rana, waɗansu suna sauraron karatun labarai, waɗansu ba kome, aka ga kashi na farko sun fi saurin komowar tunawa da tattara hankali. Ba ma musun abin da aka auna. Amma ba awon likita ne yake halattawa ko haramtawa ba. Kayan kiɗa malamai sun yi saɓani a kansu tun da daɗewa. Mafi yawa sun hana masu tsirkiya da na busa, Ibnu Hazmi ya halatta, Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505, ya yi babi guda a Ihya'u yana rarrabewa bisa halin mai ji da abin da ake faɗa da wurin da ake yi. Ko tsakanin Shehu Usmanu da ƙanensa Abdullahi an sami bambancin tsanantawa a kan wannan. Ni ba na ja ku zuwa wurin saɓani. Abin da ba a yi saɓani a kansa ba ya ishe mu: muryar mutum da magana mai tsarki, da tilawa, da waƙen wa'azi, da waƙar aiki, da waƙar reno. Malamina da waɗannan aka taimake shi, da bugun sanda a ƙasa.

Amma kiɗan da ake yi don a kira iskoki su hau mutum, wannan ba ya cikin maganarmu. Kadan majinyaci ya ji sanyi a can, dalilinsa jama'a ce da ta kewaye shi da awon da ya motsa shi, an kuwa sayar masa da su a bakin imaninsa. Mu da muke hana mutane zuwa can, me muka tanadar musu? Mun bar majinyaci shi kaɗai a ɗaki mai duhu, sa'an nan muna mamaki don tsohuwa ta kira masu garaya.

Fasali na uku, a kan natsuwa.

Almajirin da ya karanta Ahalari da Iziyya ya san natsuwa da daidaituwa suna cikin farillan salla. Ya san labarin mutumin da ya yi salla da gaggawa aka mai da shi har sau uku. Muna yin natsuwa domin umurni ne, ba domin lafiya ba, wanda kuwa ya yi salla da niyyar motsa jiki ba shi da salla. Sai dai Allah da karamcinsa yakan ɓoye maslahar jiki a cikin umurninsa.

Baligi a zaune yakan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti guda. Kadan ya tsorata ko ya husata, numfashi ya gajarta, zuciya ta yi sauri, jini ya hau. Kadan ya ja numfashi ya sake shi a hankali da tsawo, akwai wata jijiya mai saukowa daga kai zuwa zuciya wadda take ja mata linzami. A shekara ta 2001 wani likita na ƙasar Italiya, Luciano Bernardi, ya auna mutane suna maimaita addu'ar Nasara da kalmomin ibadar mabiya Buddha. Ya ga da wannan da waccan duka sun mai da numfashi wajen sau shida a minti, bugun zuciya da bugun jini suka daidaita da juna. Tun da kalmomi biyu masu saɓani sun yi aiki guda, ashe sababin yana ga tsawon numfashi. Abin da na fahimta shi ne, mai tilawa da tartili, wanda yake cika madda, yake tsayawa wurin waƙafi, ya ja numfashi ya ci gaba, ya riga ya mallaki wannan a gidansa, ba shi da bukatar aron kalmomin kowa. Ibnul Ƙayyim ma ya ƙidaya karatu a matsayin motsa ƙirji, ya ce a fara a hankali a riƙa ɗagawa. Amma mai sauri kamar ana korarsa, wanda yake haɗiye harufa don ya sauke a kwana uku, ya rasa tajawidi, ya kuma rasa wannan fa'ida.

Mutanen Sin suna da wani motsi da suke kira taici, ana yinsa a tsaye sannu sannu, ana mai da nauyi daga ƙafa zuwa ƙafa tare da numfashi. A shekara ta 1996 aka gwada shi ga tsofaffi a birnin Atlanta, aka ga faɗuwarsu ta ragu kusan rabi. Ku kuwa kun san tsoho kadan ya faɗi ya karya ƙugu, sau da yawa kwanciyar ke nan. Irin wannan, abin da yake motsi ne tsantsa hukuncinsa hukuncin magani, a karɓa daga kowa. Abin da aka cuɗa da kalmomin bauta ko sunkuya wa wanin Allah, a bar musu kayansu.

Sauran iyaka guda biyu. Ta farko, duk abin da na faɗa tsare lafiya ne da taimakon jinya, ba ya ɗauke wa mutum zuwa ga likita. Hawan jini ba ya sallama, yakan yi shekaru ba ciwon kai ba jiri. Awo ne kaɗai yake tona shi, kadan ya tsaya a 140 bisa 90 ko sama, to, a nemi magani a dawwama a kansa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a shekara ta 1837, bai ga neman magani ya saɓa wa tawakkali ba, da hannunsa ya yi talifi a kan ciwon ido da ciwon basir. Ta biyu, sautin da yake magani da awo, shi ne yake zama cuta kadan ya wuce awo. Ƙara mai tsanani tana kashe ji, ji kuwa in ya mutu ba ya komowa. Muna zargin masu biki da lasifika har tsakar dare, mu ma mu dubi kanmu. Wa'azin da ya hana majinyaci da mai jego barci, a rage masa murya, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Saboda haka ina roƙon wannan majalisa abubuwa biyar.

Na ɗaya, kowane malami ya ɗauki rabin sa'a kowace rana ya yi tafiya da ƙafa har ya ji numfashinsa ya ƙaru. Ku almajirai kuma ku raka shi, ku daina hana shi. Rakiya ta fi ɗaukar buta lada.

Na biyu, kowace makaranta ta yanke karatu mai tsawo da ɗan tashi, a bar yara su yi langa da tsere da kokawa mai tsabta a kan lokacinsu, kada a doke su a kan haka. Wasan da ake bugun kai a cikinsa a hana.

Na uku, kowane maigida ya zauna da iyalinsa su tsara abin da za su riƙa yi na motsi a cikin gida, ya kuma raka su ziyarar zumunci da ƙafa.

Na huɗu, duk wanda ya kai arba'in a cikinmu ya auna jininsa, jam'iyya ta sayi abin awo ta ajiye a zaurenta. Kuma kowa ya haddace alamomi uku: baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe. Wanda ya ga ɗaya daga cikinsu, a ɗauki mutum zuwa asibiti a sa'ar nan, a yi masa addu'a a hanya.

Na biyar, majinyacin da ke kwance a unguwa kada a bar shi shi kaɗai. A raba kwanaki, almajirai biyu su je kowace rana su yi tilawa wajen kansa a hankali, su kama shi ya taka gwargwadon abin da likita ya yarda.

Jiya da la'asar na gaya wa Malamina zan yi wannan magana, na nemi izininsa in ba da labarinsa. Ya daɗe yana neman kalma, sa'an nan ya ɗaga sandarsa ya nuna hanya, ya ce, “Su tashi.” Na isar muku da saƙonsa.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne, malamai su gyara mini. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan iyayenmu da malamanmu, ya jiyar da mu daɗin jinmu da ganinmu da ƙarfinmu muddin muna raye, ya sa mu cika da imani. Amin. Wassalamu alaikum.